Darasi: Shirin Dogon Gudu na Taimako Bayan Jin Rauni

Manufa: Mu koyi yadda wanda ya ji rauni zai komo da ƙarfinsa sannu a hankali, ya cika alkawarinsa ba tare da ya naƙasa kansa ba.

Gabatarwa

'Yan'uwa, a ƙasashe da yawa idan ana so a tara kuɗi domin asibiti ko makaranta, akan shirya dogon gudu. Mai gudu yakan zaga wurin jama'a, su yi alkawarin ba da wani abu a kan kowane mil da ya gama. Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, watau kamar mil 26. To, yaya mutum zai yi idan ya riga ya yi alkawari, sa'an nan ya yi targaɗe ko karaya? Sau da yawa kunyar janyewa takan sa ya tashi tun ƙafa ba ta warke ba. Wannan ya shafe mu, gama ƙafar da za ta yi gudu da rani ita ce za ta bi garma da damina.

Misalin Terry Fox

Terry Fox saurayi ne ɗan ƙasar Kanada. A shekarar 1977, yana da shekara 18, likitoci suka sami ciwon daji a ƙashin ƙafarsa ta dama, suka yanke ta daga saman gwiwa. A asibiti ya ga wahalar da yara masu wannan ciwo suke sha, ya ƙudura zai tara kuɗi domin binciken magani.

Ku lura, bai tashi nan da nan ba. Ya yi wata 16 yana karɓar magani. Ya koyi tafiya da ƙafar roba, ya riƙa wasan ƙwallon kwando a keken guragu. Sai a 1979 ya soma koyon gudu, da ƙasa da mil guda. Dungun ƙafarsa ya yi ta bororo. A wannan shekara ya shiga wata tsere a garin Prince George, shi ya zo na ƙarshe, amma ya gama. Ya yi wata 14 yana shiri, ya yi gudun fiye da kilomita 5,000 kafin ranar farawa.

Ran 12 ga Afrilu 1980 ya tashi daga St. John's a bakin Tekun Atilantika. Abokinsa Doug Alward yana biye da shi a mota da ruwa da abinci. Kusan kowace rana yakan yi kilomita 42. Cikin kwana 143 ya yi kilomita 5,373. Ran 1 ga Satumba, kusa da Thunder Bay, tari da ciwon ƙirji suka tsai da shi, gama ciwon ya kai huhunsa. Ya rasu ran 28 ga Yuni 1981 yana da shekara 22. Kafin rasuwarsa burinsa ya cika: dala ɗaya a kan kowane mutum cikin mutanen Kanada miliyan 24.

Akwai abu ɗaya da ba za mu kwaikwaya ba. A hanya an yi ta roƙonsa ya riƙa ganin likita a kai a kai, ya ƙi. Ƙarfin zuciya ba ya maye gurbin duban likita.

Matakai biyar

1. *Kwana biyu ko uku na fari.* A huta. A sa ƙanƙara cikin tsumma, ko tsumma mai ruwan sanyi, minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. A naɗe da bandeji, kada a matse ƙwarai. A ɗaga ƙafar a kan matashi. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza.
2. *A san irin raunin.* Idan mutum ba ya iya taka ƙafar taku huɗu, ko kuwa ƙashin kansa ne yake zafi in an taɓa, sai a tafi asibiti a ɗauki hoto. Ƙaramin targaɗe yakan yi sauƙi cikin mako biyu ko uku. Karaya takan ci mako shida zuwa takwas, ko fiye.
3. *Tafiya kafin gudu.* Sai mutum ya iya tafiyar minti 30 babu zafi, babu ɗingishi, kafin ya gwada sassarfa. Ya riƙa tsayawa a kan ƙafar da ta ji rauni na rabin minti, domin idon sawu ya yi ƙarfi.
4. *Ƙari kaɗan kaɗan.* Minti ɗaya gudu, minti huɗu tafiya, a huta kashegari. Kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya wuce. Ko mai lafiya da ya saba gudu yana bukatar wata huɗu ko biyar na shiri.
5. *A bambanta zafi da zafi.* Tsamin jiki na gajiya yakan wuce bayan kwana ɗaya ko biyu. Amma zafi mai suka a wuri guda, ko kumburi da ya komo da safe, gargaɗi ne. A koma matakin baya.

Idan rana ta matso, ƙafa kuwa ba ta shirya ba, a faɗa wa masu alkawari gaskiya. Ana iya rage nisan, ko a yi shi da tafiya, ko 'yan ƙungiya su raba hanyar a tsakaninsu. Marasa lafiya ake so a taimaka, kada mu ƙara musu yawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Terry Fox ya yi wata 14 yana shiri?
2. Wa kuka sani da ya koma gona kafin rauninsa ya warke? Me ya faru?
3. Idan ɗan ƙungiya ya kwanta da karaya a lokacin noma, yaya za mu raba aikin gonarsa domin kada bukata ta tashe shi da wuri?

Sakatare ya rubuta amsar tambaya ta uku, a karanta ta a taro na gaba.