Darasi: Gyara Kurakuran Tsarin Canza Launi Bisa Sharaɗi a Jadawalin Lissafi

'Yan kasuwa da dama kan dogara da manhajar Excel wajen bin sawun basussukansu, inda sukan umurci na'ura mai ƙwaƙwalwa ta shafa jan launi a kan sunan duk wanda wa'adin biyansa ya wuce. Kamfanin Microsoft ya shigo da wannan tsari ne a Excel 97. Sai dai idan fomular ta karkace, ɗan kasuwa na iya matsa wa wanda wa'adinsa bai cika ba, ko kuma ya bar bashin da ya nuna yana kwance.

A ɗauka sunayen masu bashi suna sahun A, kuɗin suna sahun B, ranar biya kuma tana sahun C, an fara daga layi na 2. Fomular da ta dace ita ce =$C2<TODAY().

Kuskure na farko ya shafi alamar dala. Idan aka rubuta $C$2, na'urar za ta auna kowane layi da ranar mutum na farko kaɗai, ko dai duka su yi ja ko kuma babu ko ɗaya. Haka nan wajibi ne lambar layin da ke cikin fomular ta dace da layin farko na yankin da aka zaɓa, in ba haka ba launin zai sauka a kan maƙwabci.

Na biyu, Excel na ɗaukar gurbin da ba a cike ba a matsayin sifiri, don haka sai ya yi ja. Maganin shi ne =AND($C2<>"",$C2<TODAY()).

Na uku, ranar da ta shiga a matsayin rubutu ba za ta taɓa yin ja ba, domin manhajar na fifita rubutu a kan kowane adadi. Wannan ne ya fi haɗari, tunda ba ya nuna alama. Ana gano shi da =ISNUMBER(C2); in amsar ta zo FALSE, sai a sake shigar da ranar.

Na huɗu, idan ƙa'idoji biyu suka yi karo a kan launi, ta sama ce ke rinjaye, saboda haka a duba jerinsu.

Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce a kwafe fomular a wani sahu da babu kome, a ja ta ƙasa. Duk layin da ya nuna TRUE shi ne zai sami launi. Ya kamata a yi wannan gwajin kafin a aika wa kowa takardar neman biya.