Ciwon Sukarin Masu Juna Biyu da Na'urar Damtse

Ya kamata jama'ar Dutsen Abba da Tudun Wada su sani cewa mace na iya ɗaukar ciki lafiya lau, amma sukarin jininta ya hau idan ciki ya yi nisa. Mabiyiya ce ke fitar da sinadarai masu rage wa insulin ƙarfi. Shi ya sa ake gwajin sukari wajen awo tsakanin mako na 24 da na 28. In aka yi sakaci, ɗa kan kai kilo 4 ko fiye, naƙuda ta yi wuya, wani lokaci sai an yi aiki.

Abin da aka saba shi ne huda yatsa sau da yawa kullum. Yanzu akwai na'ura irin FreeStyle Libre, faɗinta bai wuce na sulalla ba, ana manna ta a bayan damtse. Wani siririn zare ke shiga ƙarƙashin fata yana auna sukari dare da rana har kwana 14, lambobin suna fitowa a waya.

Masu amfani da ita sun fi yaba abu biyu: yatsa ya huta, ido kuma ya ga zahiri. Mace ta sha koko mai zaƙi da safe, ta ga kibiya ta miƙe sama. Kashegari ta ci dafaffen wake da zogale, ta ga layin ya kwanta. Ba sai likita ya yi dogon bayani ba. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda aka yi a Kanada da Ingila da wasu ƙasashe kan masu juna biyu da ke da nau'in farko na ciwon sukari, ya nuna cewa da irin wannan na'ura an samu raguwar jarirai masu girman da ya wuce kima da waɗanda ake kwantarwa bayan haihuwa.

Koke ma akwai. Tana da tsada, ga sayen sabuwa duk mako biyu. Gumin bazara kan ɓanɓare ta, wasu tana sa su ƙaiƙayi, kuma in lambar ta saɓa da abin da jiki ke ji, dole a koma ga yatsa.

Wadda ba ta da hali, ƙaramin ma'aunin yatsa da littafin rubuta sakamako suna aiki. Aikin maigida shi ne ya kai ta awo, ko a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika, ya kuma mayar da ita gwaji bayan arba'in, domin ciwon kan dawo bayan wasu shekaru.