Idan Mai Gida Ya Rasu: Yadda Ake Bi da Dukiyarsa

Jama'a, ranar da mutum ya cika, abin da ya bari ya tashi daga nasa, ya zama tarika. Babban wa ba shi da ikon taɓa ta, haka ma ƙanin uba, ko da kuwa shi ne ya yi wa mamacin sutura. Saboda haka aikin farko bayan an dawo daga maƙabarta shi ne a rufe ɗaki da shago, a ƙirga kaya a gaban shaidu, a rubuta: takardar fili, buhunan hatsin da ke rumbu, awakin da aka ba wani kiwo, har da littafin bashin shago.

Shari'a ta jera abubuwa, ba a tsallake ɗaya. Da farko a fitar da kuɗin likkafani da haƙa kabari. Sannan bashi. A nan ake yawan mantawa da matar mamaci: in akwai ragowar sadakinta da bai biya ba, ko ta ranta masa kuɗin adashinta ya yi cefane, bashi ne sosai, ana biyan ta kafin a zo maganar rabonta. Bayan bashi sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji ita sai in sauran magada sun yarda. Shinkafar sadakar uku da ta arba'in fa? Ba ta cikin jerin nan. Wanda ke son ciyar da mutane ya ciyar daga aljihunsa, ba daga kason marayu ba.

Abin da ya rage shi ake rabawa, kamar yadda ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka tsara. Ga misali. Mutum ya bar naira miliyan 8 bayan an biya komai, da matan aure 2, 'ya'ya maza 2, mata 3, iyayensa kuwa sun riga shi. Matan auren za su ɗauki tumuni, wato miliyan 1, su raba dubu 500 kowacce. Tumunin ɗaya ne ko su huɗu ne. Sauran miliyan 7 a kasa bakwai, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. In ɗaya daga matan mamacin tana da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabon sai ta haihu.

To, sai kuɗin banki da na fansho, inda mutane ke shan wahala. Da yawa sun ɗauka wanda aka rubuta sunansa a fom, wato nes-of-kin, shi ne mai dukiya. Ko kusa! Shi dai wanda za a tuntuɓa ne in wani abu ya faru. Banki ba ya sakin kuɗi don ganin sunansa. A Najeriya sai an kawo takardar shaidar mutuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, sannan takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha. Can za a cika fom, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa a jarida don mai ƙorafi ya fito, a kuma biya wani kaso gwargwadon dukiyar. Abin yakan ɗauki watanni. Waɗanda aka ba takardar wakilai ne kawai, aikinsu su karɓo kuɗin su kai gaban alƙalin kotun shari'a a raba.

Babban abin da nake jan kunne a kansa shi ne jinkiri. Kunya ce ke sa a ce kada a raba gida, a bar shi "na gado", kowa ya zauna. Shekara goma sai ka tarar ɗaya ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, wani ya kafa shago a zaure, 'yan'uwa mata suna gidajen aure ba su ga ko sisi ba. Sai wani magajin ya rasu, nasa magadan su shigo, lissafi ya hau kan lissafi, abin da malamai ke kira munasakha. Gidan da alƙali zai raba a zama ɗaya da dillali biyu masu kimantawa, yanzu sai an nemo jikoki daga Legas da Maraɗi kafin a buɗe fayil.