Gwiwar da Ke Ciwo Ba Hutu Take Nema Ba

Duk wanda ya saba sallar jam'i a masallatan Nassarawa GRA da ke Kano ya lura da yadda kujerun roba ke ƙaruwa a gefen sahu. Dattawa ne a kansu, tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda tsayuwa ba ta gagare su ba, amma sujada da zaman tahiya sun zame musu jidali. In an tambaya sai su ce, "Sanyi ne," ko "Girma ne ya zo." A cikin gidaje abin ya fi haka yawa.

Yawancinsu amosanin gwiwa ne ke damunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da irin wannan ciwon gaɓa, miliyan 365 daga ciki a gwiwa yake. Kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kashi 60 kuma mata ne.

Bakin ƙasusuwan da suka haɗu a gwiwa lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi. Shekaru da ƙiba da tsohon rauni suna sa ya yi sirara, gaɓar ta riƙa kumbura, ta ƙage da safe, ta yi ƙara wajen hawa bene. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne jini ba ya shiga guringuntsi. Daga ruwan gaɓa yake samun abinci, kamar soso: in an taka ya matse, in an ɗaga ƙafa ya tsotsa. Wanda ya daina motsi ya hana shi ci ke nan, ga tsokar cinya da ke tallafe gwiwar tana ta ramewa.

Mai wannan rubutu ma'aikacin gashi ne, kuma irin su Hajiya, wata tsohuwar malamar makaranta daga unguwar, ba su yanke masa. Ta zo da hoton ƙashi a ambulan da leda cike da magunguna. "Ɗan nan, an ce ƙashin ya cinye, in zauna in huta," in ji ta. Ta daɗe da barin ɗakinta na sama, ta daina zuwa suna da gaisuwa, ko ruwa sai jikoki sun miƙo mata.

Ya ajiye hoton gefe, ya jawo kujera marar hannu. "Hajiya, ku rungume hannuwanku a ƙirji, ku miƙe ku zauna har in ce ya isa." Daƙiƙa 30 kawai ake ɗauka. Ta yunƙura, ƙafar dama ta hau rawa, hannu ya kai kan cinya don neman tallafi. Da aka zagaya cinyoyin biyu da tef, ta gani da idonta yadda ta dama ta rame. Hoto ba ya nuna wannan. Akwai mai hoto mummuna da ke zuwa kasuwa a ƙafa, akwai mai hoto da sauƙi da ba ya iya barci don ciwo.

Hajiya ta zo da tunanin za a kwantar da ita a haska mata fitila mai zafi ta tafi. Ɗumi yana rage raɗaɗi na ɗan lokaci, amma ba ya gina tsoka. Sai aka naɗe tawul aka sa mata a ƙarƙashin gwiwa, aka ce ta danne shi, ta ɗaga diddige, ta ƙirga biyar ta saki. Daga nan aka koma ɗaga ƙafa a miƙe, sai tashi da zama, sai hawa matakala guda. Aikin gida ne na kullum, zuwa asibiti don a gyara kuskure a ƙara nauyi ne. Cikin watanni kaɗan ta koma ɗakinta na sama. Ciwon bai ɓace kwata-kwata ba, kuma tun farko ba a yi mata wannan alkawari ba.

Hujjar wannan hanya tana da ƙarfi. Ƙa'idojin da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2022 sun sa motsa jiki da rage ƙiba a sahun gaba, magani na biye. A 2020 wani bincike a Amurka kan mutum 156 ya gwada gashi da allurar cikin gwiwa, bayan shekara guda waɗanda suka yi gashi sun fi samun sauƙi. Tun 2013 Denmark ke gudanar da shirin GLA:D, atisaye sau biyu a mako na mako shida tare da ilmantarwa, ƙasashe da dama kuma sun ɗauka.

Inda marasa lafiya suka fi karaya shi ne makon farko, saboda atisayen kan ɗan tayar da ciwo. Wannan ba ɓarna ba ce muddin ciwon mai jurewa ne kuma ya lafa kafin washegari. In ya wuce haka a rage yawan, kada a bari gaba ɗaya.

Sai batun nauyi, wanda ba a son ji. Rayuwar GRA daga mota sai ofis, daga ofis sai falo, ga shayi mai sukari da lemon kwalba. Wani bincike na 2005 ya nuna duk kilo 1 da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Ga Filin Sukuwa nan kusa, ga tituna masu inuwa. Tafiyar minti 10 bayan asuba ta isa somawa. Mai amfani da sanda ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba gefen ƙafar da ke ciwo ba.

Abin da ya fi tayar wa ma'aikacin gashi hankali shi ne ledar magunguna. Dattijo mai hawan jini ya yi shekaru yana shan diclofenac ko piroxicam daga kemis ba tare da likita ya sani ba, alhali suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Wasu kuma su zo da tsaga a gwiwa, wanda ga mai ciwon suga hanya ce ta gyambo mai wuyar warkewa.

Akwai gwiwar da ba atisaye take buƙata ba tukuna. Wadda ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi ga zazzaɓi, ko ta kasa ɗaukar mutum bayan faɗuwa, a garzaya da ita wajen likita a ranar. Wadda kuma ta lalace har ta hana barci duk da ƙoƙari, likitocin Asibitin Ƙashi na Dala su ne za su duba ko aikin sauya gwiwa ya kama.

Ana samun sashen gashi a Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke nan Nassarawa, da Asibitin Murtala, da na Malam Aminu Kano, da Dala. Wanda zai je gida yi wa tsoho gashi, a nemi ganin lasisinsa na MRTB, hukumar da ke yi wa ma'aikatan gashi rajista.

'Ya'ya da jikoki, hana Baba ko Hajiya motsi ba shi ne tausayi ba. Ku raka su a duba su, ku tsaya a koya muku atisayen tare, ku riƙa tuna musu safe da yamma.