Ƙa'idojin Horo da Bayyana Alaƙa ga Masu Bincike a Jami'o'in Amurka

1.0 Gabatarwa

Binciken ilimi aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. A ƙasar Amurka, fiye da rabin kuɗin da jami'o'i ke kashewa a kan bincike daga baitulmalin gwamnatin tarayya yake fitowa, ta hannun hukumomi irin su Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, waɗanda ake taƙaita sunansu da NIH, da Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa, wato NSF, da Ma'aikatar Makamashi. Tun da yake kuɗin na masu biyan haraji ne, gwamnati ta gindaya wa duk mai son cin gajiyarsa manyan sharuɗɗa biyu. Na farko, ya halarci horo a kan ɗa'ar bincike. Na biyu, ya bayyana a rubuce duk wata alaƙa ta kuɗi ko ta aiki da ka iya shafar bincikensa. A wannan darasi za a duba asalin waɗannan sharuɗɗa, da abin da suka ƙunsa, da sakamakon saɓa musu.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana dalilan da suka haifar da waɗannan ƙa'idoji;
(b) lissafa nau'o'in horo da abubuwan da ake bayyanawa;
(c) tattauna amfanin ƙa'idojin da kuma ƙorafin da ake yi a kansu.

2.0 Asalin Ƙa'idojin

Kusan kowace ƙa'ida daga cikinsu wata ɓarna ce ta haife ta. Daga 1932 zuwa 1972, Hukumar Lafiyar Jama'a ta Amurka ta gudanar da wani bincike a yankin Tuskegee na jihar Alabama a kan baƙaƙen fata maza 600, waɗanda 399 daga cikinsu ke ɗauke da ciwon tunjere. An ɓoye musu ainihin cutar, aka kuma bar su babu magani, ko bayan da aka tabbatar cewa allurar fenisilin na warkar da ita. Da asiri ya tonu, majalisar dokokin ƙasar ta zartar da Dokar Bincike ta Ƙasa a 1974, wadda ta ƙarfafa tsarin kwamitocin da ke tantance duk binciken da ya shafi ɗan Adam kafin a fara shi.

Batun son kuɗi kuwa ya fito fili a 1999, lokacin da wani saurayi mai shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu a wani gwajin magani ta hanyar ƙwayoyin gado a Jami'ar Pennsylvania. Bayan rasuwarsa hankalin jama'a ya koma kan cewa shugaban cibiyar da ta yi gwajin yana da hannun jari a kamfanin da zai ci riba idan maganin ya yi nasara.

Kashi na uku, wato tsaron bincike, shi ne ƙaramin ciki. A watan Agusta na 2018 shugaban NIH na lokacin, Francis Collins, ya rubuta wa dubban cibiyoyi wasiƙa yana jan hankalinsu cewa wasu masu bincike na karɓar kuɗi da muƙamai daga ƙasashen waje ba tare da sun sanar ba. Daga nan ne aka samu umarnin shugaban ƙasa mai lamba 33 a kan tsaron bincike a watan Janairu na 2021, sannan Dokar Sassan Lantarki da Kimiyya ta watan Agusta na 2022.

3.0 Nau'o'in Horo

Ana iya kasa horon gida huɗu, kamar haka:

(i) Horon ɗa'ar bincike. NIH ta shelanta shi a 1989 ga waɗanda take ɗaukar nauyin koyar da su bincike, daga baya ta ƙayyade cewa kada ya gaza awa 8, kuma a maimaita shi aƙalla sau ɗaya a shekara huɗu. NSF ta wajabta wa ɗalibai da sababbin masu digirin digirgir irinsa daga 2010, sannan a 2023 ta haɗa da malaman jami'a da kansu. Jigon wannan horo shi ne guje wa laifuffuka uku da gwamnati ta fayyace a 2000: ƙirƙiro sakamakon da bai auku ba, da sauya sakamakon da aka samu, da satar aikin wani.

(ii) Horon kare mutanen da ake bincike a kansu, wanda NIH ta wajabta daga watan Oktoba na 2000. A nan ake koyon neman yardar mutum bayan an fahimtar da shi, da tsare sirrinsa.

(iii) Horon cin karon buƙatu, wato yanayin da amfanin aljihun mai bincike ke iya rinjayar hukuncinsa. Ana yin sa kafin a fara aikin, a kuma sabunta shi duk shekara huɗu.

(iv) Horon tsaron bincike, wanda dokar 2022 ta kawo. A cikin 2025 Ma'aikatar Makamashi da NSF suka fara neman shaidar cewa jagororin bincike sun yi shi a cikin wata 12 kafin miƙa takardar neman tallafi.

4.0 Abubuwan da Ake Bayyanawa

Bayyanawa iri biyu ce. Ta farko ana yin ta ne ga jami'ar da mutum ke aiki. A ƙarƙashin ƙa'idar 1995 da ta shafi binciken lafiya, sai abin da mutum ya samu daga waje ya haura dala 10,000 kafin ya zama tilas ya faɗa. Gyaran da aka yi a 2011 ya sauko da adadin zuwa dala 5,000 a cikin wata 12, kuma lissafin ya haɗa da abin da abokin aure da 'ya'yan da ke ƙarƙashin kulawar mutum suka samu. Ana sabunta bayanin kowace shekara, idan kuma wata sabuwar alaƙa ta ƙullu, a sanar cikin kwana 30. Jami'a ce ke duba bayanin, ta yanke ko akwai cin karo, ta kuma tsara yadda za a magance shi, alal misali ta hanyar sa wani daban ya yi nazarin sakamakon, ko a nemi mai binciken ya sayar da hannun jarinsa.

Ta biyu ana yin ta ne ga hukumar da ke ba da tallafi. Mai nema zai lissafa duk muƙaman da yake riƙe da su a gida da waje, ko da na girmamawa ne da ba a biyan albashi, da duk tallafin da yake karɓa ko yake jira, har da wanda ba tsabar kuɗi ba, kamar ɗakin gwaji ko kayan aiki ko ma'aikacin da wani ke biya. Da wannan ne hukuma ke gane ko ana neman ta biya kuɗin aikin da wani ya riga ya biya, ko kuwa mutum ya yi alkawarin lokacin da ba shi da shi. Haka kuma, duk jami'ar da ke karɓar fiye da dala miliyan 50 a shekara dole ta kafa shirin tsaron bincike nata.

Abin lura a nan shi ne, doka ba ta haramta haɗin gwiwa da ƙasashen waje ba, in ban da wasu shirye-shiryen jawo ƙwararru da dokar 2022 ta ware a matsayin masu cutarwa. Abin da ya fi jefa mutane cikin ƙaƙa-ni-ka-yi shi ne ɓoyewa.

5.0 Sakamakon Saɓa Ƙa'ida

Charles Lieber shi ne shugaban sashen nazarin sinadarai a Jami'ar Harvard lokacin da aka kama shi a watan Janairu na 2020. Ya ƙulla yarjejeniya da wata jami'ar fasaha a birnin Wuhan na ƙasar Sin, wadda ta tanadar masa albashin da zai iya kai dala 50,000 a wata, amma da jami'an gwamnati suka tambaye shi sai ya musanta. A watan Disamba na 2021 kotu ta same shi da laifin yi wa hukuma ƙarya da ɓoye kuɗin shiga, alhali ba a ma tuhume shi da leƙen asiri ba. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

Cibiyoyi ma ba su tsira ba, domin jami'a ce ke sa hannu a kan takardar neman tallafi, kuma Dokar Da'awar Ƙarya, wadda ta samo asali tun 1863, ta ba gwamnati damar neman ninki uku na asararta. A 2019 Jami'ar Duke ta biya dala miliyan 112.5 a kan zargin amfani da sakamakon bogi wajen neman tallafi. A 2023 Jami'ar Stanford ta biya dala miliyan 1.9 a kan zargin rashin bayyana tallafin waje na wasu malamanta.

6.0 Ƙorafe-ƙorafe

Masana da dama na ganin an wuce gona da iri a wasu wurare. Shirin da Ma'aikatar Shari'a ta ƙaddamar a 2018 don farautar masu alaƙa da Sin ya rutsa da waɗanda ba a same su da laifi ba. Kotu ta wanke Anming Hu na Jami'ar Tennessee a 2021, aka kuma janye tuhumar da ake yi wa Gang Chen na cibiyar fasaha ta MIT a watan Janairu na 2022, bayan an riga an zubar musu da mutunci. An rufe shirin a watan Fabrairu na 2022, a daidai lokacin da ake sukarsa da ware 'yan asalin Sin. Bugu da ƙari, ƙididdigar da aka yi a tsakanin jagororin bincike a 2005 da 2012 ta nuna cewa kimanin kashi 42 cikin 100 na lokacin da suka ware wa bincike yana tafiya ne wajen cike takardu da sauran hidimomin ofis.

7.0 Dangantakar Darasin da Mu

Tallafin waɗannan hukumomi yakan iso har ƙasarmu. NSF ce ta ɗauki nauyin aikin nazarin harsunan jihar Yobe, irin su Bade da Bole da Ngizim da Karekare, wanda marigayi Farfesa Russell Schuh ya jagoranta daga 2001 tare da masana 'yan ƙasa. Malaminmu da ya shiga aiki irin wannan a yau, yawancin sharuɗɗan da aka ambata za su iya hawa kansa. Shi ma ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu yana kan wannan turba: ya nemi yardar wanda zai naɗi muryarsa, ya ambaci mai maganar da ya aro, ya kuma faɗi wanda ya tallafa masa.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tsarin ya dogara ne kacokan a kan abin da mai bincike ya faɗa da bakinsa, domin hukuma ba ta da ikon leƙa aljihun kowa. Horo na toshe uzurin rashin sani, bayyanawa kuma na ba wasu damar auna aikin da idon basira. Idan mai bincike ya ɓoye, ya ci amanar jama'a. Idan kuma hukuma ta ɗauki kuskuren cike takarda a matsayin cin amanar ƙasa, ta zalunci bayin Allah.

9.0 Auna Fahimta

1. Kawo aukuwa biyu da suka haifar da waɗannan ƙa'idoji, tare da shekarunsu.
2. Mene ne bambancin bayyanawa ga jami'a da bayyanawa ga hukumar tallafi?
3. Kwatanta shari'ar Charles Lieber da ta Gang Chen. Wane darasi ke ciki?
4. Wani kamfanin ɗab'i ya biya malami ya binciki ingancin littattafan Hausa na firamare, ciki har da nasa. Me ya kamata malamin ya yi, kuma don me?