Kalmar "cold": sanyin Bature ba irin namu ba ne

Mu 'yan ajin ƙarshe, darasin da muka kawo wa littafin bana a kan kalma ɗaya ne ta Turanci, wato "cold". Haruffa huɗu ce kacal, ƙananan yara ma sun san ta. Amma masu shirin jarrabawar BECE su tsaya su karanta a natse, domin akwai inda take kayar da mutum.

Ma'anarta ta farko ta yanayi ce. In hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ta taso daga Sahara da ƙurarta, sai a ce "It is cold". A lura da "it" ɗin nan. Ba ta nufin kowa, ba ta nufin komai, amma jimlar ba ta tsayuwa sai da ita. A nan Hausa ta raba abin da Turanci ya haɗa: muna da ɗari, busasshe mai fasa leɓe da diddige, muna kuma da sanyi mai laima irin na damina. A Turanci duk "cold" ne. Abin da suka raba shi ne ƙarfinsa: "cool" sanyi ne mai daɗi, "chilly" ya fara cizo, "freezing" kuwa ya kai inda ruwa ke daskarewa, wato digiri 0. In za a kwatanta, "colder" da "coldest" ake cewa.

Na biyu, ciwo. "I am cold" ina jin sanyi kenan. "I have a cold" kuwa mura nake yi. Wannan 'yar "a" ita ce ta mai da kalmar suna, in ka yar da ita magana ta lalace. Turawa suna cewa "catch a cold", kamar mutum ne ya kama murar, mu kuwa mura ce ke kama mu. Takan fi yawa lokacin sanyi, amma ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, ana ɗaukarta ta atishawa da tari da hannu. Kuma don Allah kada wani ya fassara "a cold" da ciwon sanyi. Wannan wani ciwo ne daban, manya sun san shi.

Sai na kasuwa, wanda ba ya buƙatar dogon bayani. Duk wanda aka taɓa aika ya sayo kifi ko kaza mai ƙanƙara a Kumasi ko Tamale ya ga an rubuta "cold store" a ƙofar shago.

To, ga inda gizo ke saƙa. A wurinmu sanyi yabo ne. Mai sanyin hali mutum ne mai haƙuri, ba ya faɗa. In labari mai daɗi ya zo, mu ce ranmu ya yi sanyi. Uwa ta kira ɗanta sanyin idanuna, kamar yadda Larabawa ke cewa ƙurratu aini, wanda malaman lugga suka ce asalinsa daga ƙurr ne, wato sanyi. Ai ba mamaki. A Tamale cikin watan Maris awon zafi yakan kusanci digiri 40, kowa inuwa yake nema da ruwan randa. Shi kuwa Turanci a Ingila ya girma. A Landan cikin Janairu awo yakan sauka zuwa digiri 2 ko 3 da dare, rana kuma ta faɗi tun wajen ƙarfe 4 na yamma. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa ɗumi yake so, shi ya sa kyakkyawar tarba a wurinsu "a warm welcome" ce.

Saboda haka "He is a cold man" ba yabo ba ne ko kaɗan. Ma'anarsa mutum ne marar fara'a, wanda ba ya jan kowa a jiki, ba ya tausayi. Ku duba mana: a jarrabawa aka ce ka rubuta wasiƙa ka bayyana malamin da ka fi so, kai kuma ka rubuta "My teacher is very cold". Kana nufin sanyin hali, mai duba takarda yana karanta zagi. Kalmomin da suka dace su ne "calm" da "gentle" da "patient". Haka in an ce wani ya ba ka "the cold shoulder", ya share ka ne da gangan. Kisan da aka yi "in cold blood" kuwa shi ne wanda aka yi da ganganci, ba cikin fushi ba, ba tausayi.

Wuri ɗaya muka samu inda harsunan biyu suka kusa haɗuwa. Wanda ya shirya yin abu, sai tsoro ya kama shi dab da lokaci, Bature ya ce "He got cold feet". Mu kuma mu ce gwiwarsa ta yi sanyi. Su a ƙafa, mu a gwiwa, tazarar ba ta da yawa.

Masu sauraron labarai kuma za su ji "Cold War", zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har Sobiyet ta wargaje a 1991. An kira shi haka ne don manyan biyu ba su yi yaƙi gaba da gaba ba. Gidajen rediyon Hausa ba su ce yaƙin sanyi ba, yaƙin cacar baka suka ce, kuma mu dai a ganinmu sun yi daidai.

Ga aikin hutu. Ku juya waɗannan zuwa Turanci, ku kawo ranar da aka dawo: ƙanwata tana mura, bana ɗari ya fi na bara, kakanmu mutum ne mai sanyin hali. A ta ukun, duk wanda ya sa "cold" shi zai share aji.