Zango da Doki a Dajin Duwatsu

Yawancinmu a nan makaranta mun tashi a ƙasar sarari ne, inda mahayi kan yi sukuwa ba abin da ya tare shi, in rana ta faɗi ya sauka gidan mai gari a kama masa linzami. Amma akwai ƙasashen da ba haka abin ya ke ba, malami kuwa ba ya zaɓen inda aiki zai kai shi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tattauna yadda a ke zango da doki a dajin duwatsu. Tushen darasin ɗaya ne, watau a can doki a ke zaɓa wa masauki, ba mai doki ba.

Bari mu ɗauki ƙasar Gashaka misali, cikin Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru. A nan Chappal Waddi ya ke, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, kusan ƙafa 8,000 ke nan. Tun 1991 aka mai da dajin gandun gwamnati mai suna Gashaka Gumti, ba a shigarsa sai da izini. Wanda ya tashi daga Serti ya nufi tudu, sai ya ratsa kwaruruka masu zafi da kurmi a bakin rafuka, kafin ya fita filin ciyawa mai sanyi a bisa.

Babban abokin gāban doki a kwarin shi ne tsando, ƙudan da ke kawo sammore. A 1895 wani likita, David Bruce, ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa wata ƙwaya ce cikin jini ke haddasa cutar, tsando kuwa shi ke ɗaukarta daga namun daji ya kai wa dabbobin gida. Doki ba shi da jimirinta ko kaɗan: sai zazzaɓi, sai rama, sai kumburin ƙafafu, in ba a sami magani ba ya mutu. Tsando yana son inuwa da laima, da rana ya ke cizo, sanyi kuwa kan kashe masa jiki. Saboda haka mu ratsa kurmi da sassafe, kada inuwarsa ta rude mu mu yada zango ciki. Fulanin ƙasar sun riga mu gane wannan, shi ya sa su ke kiwon shanunsu a kan tuddai.

In mun hau, sai mu sauka tun la'asar sakaliya, mu nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai ciyawa, kusa da ruwa amma ba cikin kwazazzabo ba, gama ruwan da aka yi a kan dutse ya kan gangaro da dare ba sallama. Kada a kafa turke a gangare, domin in igiya ta harɗe doki ya faɗi, da wuya ya tashi lafiya.

Kafin mu kafa tanti ko mu ɗora tukunya, aikin doki ne farko. Mu sassauta majayi, mu sauke sirdi, mu shafa bayansa mu ga ko akwai miki, mu ɗaga kofato mu fid da tsakuwa, mu duba kaska. Sa'an nan a kai shi ruwa, gama doki ya kan sha galan 5 zuwa 10 a yini, in ya yi aiki har ya fi haka. A sa masa dabaibayi ya yi kiwo kafin duhu. Hatsi kuwa kaɗan kaɗan za a ba shi, don tumbinsa ƙarami ne, ba ya kuma iya amai, in aka cika shi ciwon ciki na iya kashe shi kafin gari ya waye.

Sauran abu shi ne sanyi. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6. Dokin da ya jiƙe da gumi, in aka bar shi cikin iska da raɓa, lalle ya kwana yana makyarkyata. Mu goge shi da busasshiyar ciyawa, mu rufa masa bargo, mu ɗaure shi kusa da mu, mu hura wuta saboda kura da damisa, a riƙa tashi ana duba shi bi da bi. Da safe mu kashe wutar sarai, kada mu bar wa daji gobara.

Ko da ya ke wannan hidima tana da yawa, mu tuna wanda dokinsa ya gurgunce kwana biyu daga gari, shi zai ɗauki sirdi a ka. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.